Lecoq de Boisbaudran, ɗan kasuwar da ya gano ƙarafa uku

An haifi Paul-Émile Lecoq de Boisbaudran ranar 18 ga Afrilu 1838 a garin Cognac, kudu maso yammacin Faransa. Iyalinsa masu cinikin giyar inabi ne, shi ma a cikin wannan kasuwancin ya tashi. Bai shiga jami'a ba. Mahaifiyarsa ce ta koya masa harsuna da tarihi, kimiyya kuwa ya koye ta da kansa daga littattafan babbar makarantar Polytechnique, yana gwaje-gwaje a wani ɗaki na gidansu.

Abin da ya ƙware a kai shi ne karatun haske. Kowane sinadari, idan aka ƙona shi ko aka buga masa tartsatsin lantarki, yana fitar da layukan launi nasa na kansa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. A 1874 ya wallafa littafi kan waɗannan layuka.

A watan Agusta 1875, yana binciken wani dutsen ma'adini daga Pierrefitte, cikin tsaunukan Pyrénées, sai ya ga layuka biyu masu launin shuɗi-ja da babu wanda ya taɓa gani. Sabon ƙarfe ne. Ya raɗa masa suna galiyom, daga Gallia, tsohon sunan ƙasarsa. Ƙarfe ne da ke narkewa tun zafi bai kai digiri 30 ba, har a tafin hannu.

Daga nan aka gwada halinsa. Ya auna, ya ce galiyom ya ninka ruwa nauyi sau 4,7. Amma masanin Rasha Dmitri Mendeleev, wanda ya yi hasashen samuwar ƙarfen shekaru kaɗan kafin nan ba tare da ya taɓa ganinsa ba, ya rubuto cewa awon bai yi daidai ba, ya kamata ya kai wajen 5,9. Lecoq de Boisbaudran ya koma ya sake tace ƙarfen, ya sake awo, ya samu 5,9, kuma ya bayyana hakan. Wannan gyara ya sa masana da dama suka amince da jadawalin sinadarai na Mendeleev, wanda ake koyarwa a makarantu har yau.

Bayan haka ya juya ga dangin ƙarafan da ake kira masu wuyar samu. Ba ƙarancinsu ne matsalar ba. Sun yi kama da juna ƙwarai, a cakuɗe ake samun su, raba su kuwa sai an narkar an tace sau da yawa. A 1879 ya gano samariyom, shekarar da Ingila ta ba shi lambar yabo ta Davy. A 1886 ya ware wani sabo bayan gwaji fiye da 30, ya kira shi disforoziyom, daga kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke da wuyar kaiwa gare shi. Ciwon gaɓoɓi ya hana shi aiki a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Paris ranar 28 ga Mayu 1912.

Sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa aka ga amfanin wahalarsa. A 1974 masu bincike a jami'ar Rennes suka gano wani gilashi da ake haɗawa da sinadarin fulorin. Gilashi na yau da kullum yana tare wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani, wanda ke gaba da ja, wannan kuwa yana barinsa ya wuce. Idan aka zuba ɗan disforoziyom ko ɗan uwansa erbiyom a cikin zaren gilashin aka haska shi, ƙwayoyin ƙarfen suna shan ƙarfin hasken, wasu su miƙa wa maƙwabtansu, sannan su sake shi a matsayin hasken leza. Idan ƙwayoyin sun yi cunkoso, miƙa-miƙar na iya cinye ƙarfin a banza, shi ya sa ake auna adadinsu da kyau.

Ruwa yana shan irin wannan haske sosai, jikin mutum kuwa galibinsa ruwa ne. Saboda haka likitoci ke sha'awarsa don tiyatar da ba ta ƙona naman da ke kewaye. Ana kuma sa disforoziyom a maganaɗisun motocin lantarki da na injinan samar da wuta daga iska.