Ladi Kwali, Maginiyar Tuluna

Ƴan uwa, duk wanda yake zuwa cin kasuwar Jibiya ko Katsina ta hanyar Ɗan Isa ya san takardar Naira 20. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammad. To, in kun same ta, ku juya bayanta. Za ku ga wata mace ta duƙufa tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 aka sa hotonta a jikin wannan kuɗi. Ga labarinta.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a wani ƙauye mai suna Kwali, cikin ƙasar Gwari, a tsakiyar Najeriya. A garinsu ginin tukwane aikin mata ne. Ba a sa ta lakkwal ba. Tun tana yarinya ta koyi gini wurin wata ƴar uwar iyayenta.

Ga yadda take yi. Sai ta kwaɓa yumɓu, ta murza shi kamar igiya, ta riƙa ɗora wani bisa wani. Tukunyar tana zaune wuri guda, ita ce ke zagaya ta, tana shafe ta da hannu. Da haka take gina tulu da randa da tukunyar girki.

Abin da ya bambanta ta da sauran mata shi ne zane. Kafin yumɓu ya bushe, sai ta zana kunama, ko ƙadangare, ko kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu a jikin tulun. Kowane tulu da irin nasa ado. Labarinta ya kai har fada. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta ya ajiye a gidansa don sha'awa. Ku lura, Abujar wancan lokaci ita ce garin da ake kira Suleja yanzu.

A 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya zo Najeriya. Shi ma maginin tukwane ne daga Ingila, gwamnati ce ta ɗauko shi. Ya ga tulunan Ladi a gidan Sarki, suka shiga ransa. Bayan haka ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja. A 1954 Ladi ta shiga makarantar. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka. A lokacin ta kusa shekara 30, kuma ta riga ta yi suna. Duk da haka ba ta ji kunyar zama ɗaliba ba. Da ma an ce gemu ba ya hana ilimi.

Can ta koyi gini bisa faifai mai juyawa. Ta koyi yin kwano da faranti da buta. Ta koyi shafa wani ruwan magani mai sa tukunya ƙyalli kamar tangaran, da gashi cikin babban murhu mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da abin da ta koyo a gida ba. Manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Sai dai yanzu tana cika layin zanen da farar ƙasa, don kadan da hawainiyar su fito fili.

Sabbin tulunan nan sun yi nauyi, sun yi tsada, ba mai zuwa rijiya da su. Suka zama kayan ado. Masu hali suna saye su ajiye a ɗaki, ko su ba wani kyauta. A 1958 aka nuna aikinta a birnin London. Daga baya ita da kanta ta tafi Ingila tana gini gaban jama'a. A 1972 ta zagaya Amurka tana nuna wa ɗalibai yadda matan Kwali ke gini. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Makarantar nan ta Suleja an sa mata sunanta.

Yanzu ga abin da ya kamata mu riƙe. A jikin kayan da Ladi ta gina a makarantar akwai hatimi biyu. Ɗaya sunan Abuja ne da rubutun ajami. Ɗayan baƙaƙe biyu ne na boko: L da K. Saboda baƙaƙen nan biyu, duk inda tulunta ya shiga a duniya ana gane na wace ce.

Mu ma nan ƙasar Madarumfa Allah ya ba mu yumɓu, ya ba mu masu hannu. Akwai randar da aka ba amarya, ta shekara ashirin a ɗakinta, amma ba wanda ya san sunan wadda ta gina ta. Ga shi kuma jarka da bokitin roba sun cika kasuwa, har wasu ƴan mata na gudun sana'ar iyayensu. In yaronku ya gina saniya ko raƙumi da laka, kada ku kore shi. Ku duba aikin, ku yaba.

Ku kuma da kuka iya ABCD yanzu, in kin gina randa, ko ka ɗinka jaka, ko ka sassaƙa turmi, to ku sa baƙin farko na sunanku a jiki kafin ya bar hannunku.

Tambayoyi
1. A wane gari aka haifi Ladi?
2. Waɗanne dabbobi take zanawa a jikin tulu?
3. Rubuta baƙaƙen farko na sunanka ko sunanki.