Dokta Anandibai Joshi: Ciwo Bai Hana Ta Zama Likita Ba

An haifi Anandibai Joshi ran 31 ga watan Maris, 1865, a garin Kalyan kusa da birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, a ƙasar Indiya. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Yamuna. Tana da shekara 9 aka aurar da ita ga Gopalrao Joshi, wani akawun gidan waya wanda ya girme ta da kusan shekara 20. Shi ne ya sauya mata suna, shi ne kuma ya tsaya tsayin daka sai ta yi ilmi, a zamanin da ba a cika sa 'ya mace makaranta ba.

Tana da shekara 14 ta haifi ɗa namiji, amma bayan kwana goma ya koma. A lokacin nan mata da yawa a Indiya sun gwammace su haƙura da ciwo da a ce likita namiji ya duba su, likitoci mata kuwa kaɗan ne ƙwarai. Wannan rashi shi ya sa ta ƙudura niyyar koyon aikin likita.

Mijinta ya rubuta wa wani Baturen mishan na Amurka takarda yana neman taimako. Da aka buga takardar a wata mujalla, sai wata mata mai suna Theodicia Carpenter ta karanta, ta shiga musayar wasiƙu da Anandibai. Tun a sa'an nan lafiyarta ba ta cika ba, domin zamansu a Kalkata ta yi ta fama da zazzaɓi da ciwon kai da kasala da sarƙewar numfashi. Ga kuma surutun jama'a, masu cewa in ta ƙetare teku ta bar addininta. Saboda haka ta tsaya gaban taro a kwalejin Serampore ta bayyana dalilin tafiyarta, ta kuma yi alkawarin za ta komo da addininta na Hindu kamar yadda ta tafi da shi.

Ta sauka New York a watan Yuni, 1883, ta shiga Kwalejin Likitanci ta Mata da ke Filadelfiya. Karatun na shekara uku ne, da Turanci, ga lacca ga aikin asibiti ga jarrabawa. Sanyin ƙasar ya yi mata yawa. Ba ta cin nama, abincin da ta saba da shi kuwa ba ya samuwa. Murhun ɗakin da ta kama yana hayaƙi, watau ko dai ta sha hayaƙi ko ta kwana cikin sanyi. Da shugabar kwalejin, Rachel Bodley, ta ga halin da ɗalibarta take ciki, sai ta ɗauke ta ta mai da ita gidanta. Duk da haka tarin fuka ya kama ta. Ƙwayar cutar kuwa sai a 1882 Robert Koch ya gano ta, maganinta na farko mai ƙarfi bai samu ba sai bayan shekara 60.

Ran 11 ga watan Maris, 1886, aka ba ta digirin likita, bayan ta rubuta kundinta a kan al'amarin haihuwa a tsakanin 'yan Hindu. Ita ce macen Indiya ta farko da ta sami wannan digiri a Amurka, har Sarauniya Biktoriya ta aiko da saƙon taya murna. Masarautar Kolhapur ta naɗa ta likitar sashen mata a asibitin Albert Edward.

Ta komo gida a ƙarshen 1886, jama'a suka tarbe ta da girmamawa, amma ciwo ya riga ya ci jikinta. Ta rasu a birnin Pune ran 26 ga watan Fabrairu, 1887, ba ta cika shekara 22 ba, ba ta kuma kama aikin da aka ba ta ba. Aka aika wa Theodicia Carpenter tokar gawarta, ta binne a maƙabartar danginta a Poughkeepsie.

Tarihinta ya nuna himmar ɗaliba, ya kuma nuna abin da ke wuyan hukumar makaranta, domin da shugabar kwalejin ba ta lura da masaukinta ba, da wuya ta kai ranar karɓar digiri.