Rudolf Dizal, Mutumin da ya Rage wa Jiragen Ruwa Ci

Kowa a Damargu ya san ƙarar injin niƙa. Kowa ya san hayaƙin manyan motocin da ke ratsa Tanut za su Agadas. Man da suke sha, mu muna ce masa gazuwal. A Najeriya kuma su ce gas, ko dizal. To, Dizal ɗin nan sunan mutum ne. Turawa suna rubuta shi Diesel. Shi ya ƙago irin wannan inji. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Rudolf Dizal a birnin Paris na ƙasar Faransa, ranar 18 ga watan Maris 1858. Iyayensa Jamusawa ne, neman abinci ya kai su can. Ubansa baduku ne, yana aikin kayan fata. Gidan ba wadata. Yaron yakan taya ubansa aiki, ya tura kaya a baro ya kai wa masu saye.

A shekarar 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa. Aka ce Jamusawa su fita daga Paris. Iyayensa suka gudu zuwa Landan ta ƙasar Ingila. Lokacin Rudolf yana da shekara 12. Da zaman ya yi wuya, sai aka ba da shi riƙo wajen danginsu a garin Augsburg na Jamus. Maigidan da ya riƙe shi malamin lissafi ne. Nan fa yaro ya kama karatu ba wasa. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda, ya shaida musu shi injiniya yake so ya zama.

Saboda ƙoƙarinsa aka ɗauki nauyin karatunsa a babbar makarantar fasaha ta birnin Munik. A 1879 zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, har jarrabawa ta wuce shi. Da ya warke bai zauna ba. Ya tafi ƙasar Suwis ya koyi aikin hannu a masana'antar Sulzer. A watan Janairu 1880 ya yi jarrabawar, ya ci da babban sakamako. Malaminsa Carl von Linde ya ɗauke shi aiki a gidan yin ƙanƙara a Paris. A 1883 ya auri wata mai suna Marta, suka haifi ƴaƴa 3.

Abin da ya dame shi

A zamanin nan, injin tururi ne ke jan jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Ana hura wutar kwal, wato gawayin dutse, a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya. In ruwa ya tafasa, tururin ya tura ƙarfe, ƙarfe ya juya ƙafa. Kun ga yadda murfin tukunya ke rawa in ruwa ya tafasa? To, ƙarfin ke nan.

Wata rana a aji, malam Linde ya yi bayanin ɓarnar wannan inji. In aka ƙona buhu 100 na kwal, zafin buhu 10 kaɗai ke yin aiki, wani lokaci ma bai kai ba. Sauran duk ya bi iska. Mata sun san wannan. In ana girki a fili kan duwatsu uku, iska ke kwashe wutar, itace ya ƙare tuwo bai nuna ba. Maganar nan ta zauna a ran Dizal. Ya yi shekaru yana neman maganin ɓarnar.

Ga dabarar da ya samo. Wanda ya taɓa yi wa tayar keke iska ya san famfon yana ɗaukar zafi. Iska in aka matse ta, zafi take yi. Dizal ya ga in aka matse iska sosai a cikin inji, za ta yi zafin da zai kunna mai. Sai a feso mai kaɗan a cikinta, ya kama da kansa, ya tura fistan. Ba tukunya, ba tururi. Wutar tana ci a daidai inda ake bukatar ƙarfinta. Shi ya sa injin gazuwal ba ya bukatar bujin da ke ba da tartsatsi, irin na babur da motar esansi.

Shekarun gwaji

A watan Fabrairu 1893 gwamnatin Jamus ta ba shi takardar shaida cewa dabarar tasa ce. Masana'antar injuna ta Augsburg da kamfanin Krupp suka zuba kuɗi. Amma abin da ke kan takarda daban, na ƙarfe daban. Ranar 10 ga Agusta 1893 aka yi gwajin farko. Man ya kama da ƙarfi, har ma'aunin da ke jikin injin ya tarwatse. Allah ya sa da sauran kwana. Dizal dai ya gane abu guda: mai yana kamawa da kansa, ba tare da an kunna masa wuta ba.

A watan Fabrairu 1894 injin ya juya da ƙarfin kansa, amma na minti 1 kawai. Aka kwance, aka gyara, aka sake. Ciwon kai ya yi ta damunsa, bai fasa ba. Sai ranar 17 ga Fabrairu 1897 masana suka auna injin a gaban shaidu. Cikin kashi 100 na zafin mai, kashi 26 ya yi aiki. Ya ninka na injin tururi har da ɗori.

Nan da nan sunansa ya bazu. Kamfanonin ƙasashe da yawa suka biya shi don su ƙera injin. A 1900, a babban bajekolin Paris, aka nuna wani ƙaramin injin Dizal yana aiki da man gujiya. I, gujiyar nan dai da muke ci! Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda ake noman gujiya. Shi kuwa Dizal babban burinsa ƙaramin mai sana'a ya samu inji mai araha, kada manyan masana'antu su danne shi.

Injin ya shiga teku

Dattawanmu sun san ayarin gishiri na Bilma. Hanyar ba ciyawa. Dole raƙuma su ɗauki abincinsu, a ajiye wani a hanya saboda komowa. Raƙumin da ya ɗauki ciyawa bai ɗauki hatsi ba. Haka jirgin tururi yake. Kwal ya cinye wuri mai yawa a cikinsa. Dole kuma ya riƙa tsayawa tasha-tasha yana ƙara kwal. Ga ƙarti masu yawa a cikin ƙasan jirgi, dare da rana suna zuba kwal a wuta da shebur, cikin zafi da toka.

A 1903 aka fara sa injin Dizal a jiragen kogi, a Faransa da Rasha. Amma babban abin ya zo a 1912. A birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, kamfanin Burmeister & Wain ya ƙera wani babban jirgin teku mai suna Selandia. A watan Fabrairu ya tashi da kaya zuwa Bankok, a ƙasar da yau ake kira Tailan. Mutane suka yi ta mamaki, don ba shi da ƙatuwar bututun hayaƙin nan da aka saba gani. Da ya tsaya a Landan, Winston Churchill, wanda lokacin shi ne ministan sojan ruwa, ya zo da kansa ya duba shi.

Man da jirgin ke sha, nauyinsa bai kai rabin kwal ɗin da jirgin tururi zai ci ba. Ana zuba shi a tankunan can ƙasa, inda ba a ajiye kaya. Famfo ke kai shi inji, ba shebur ba. Wurin kwal ya zama wurin kaya. Jirgin ya yi tafiyarsa ya komo lafiya. Daga nan masu jirage suka fara juyowa, sannu a hankali har injin tururi ya ja baya.

Ƙarshensa

Dizal ya samu kuɗi da yawa, amma bai iya riƙonsu ba. Ya gina ƙaton gida a Munik. Ya zuba dukiya a cinikin filaye da haƙar mai, ya yi ta asara. Ga masu ja da shi a kan dabarar tasa, ga rashin lafiya. Bashi ya hau shi, iyalinsa ma ba su san zurfinsa ba.

Ranar 29 ga Satumba 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwap ta ƙasar Beljiyam, za shi Ingila. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa. Wajen ƙarfe 10 ya shiga ɗaki, ya ce a tashe shi da sassafe. Da gari ya waye aka tarar ba kowa, gadon ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana 10 wasu matuƙan Holan suka ga gawa a teku. Suka ɗauki kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida na ubansa ne. Wasu suka ce bashi ya sa ya faɗa ruwa, wasu suka ce jefa shi aka yi. Ya mutu yana da shekara 55. Jirgin da ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a ciki, na tururi ne.

Abin da ya bari

Yau manyan injunan jiragen teku suna mai da kashi 50 cikin 100 na zafin mai ya zama aiki, wasu har sun wuce. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi. Aikin rage cin mai kuma bai ƙare ba, don hayaƙin jirage yana ƙara ɗumamar duniya. Tun wajen 2008 jirage da yawa sun rage gudu don tsimin mai. A 2023 wani jirgin kaya mai suna Pyxis Ocean ya tashi da manyan fukafukai biyu a tsaye, iska tana taya injinsa turi.

Kada wani ya ce, mu da ba mu da teku ina ruwanmu? Shinkafa da magani da babura, da yawansu sai jirgi ya sauke su a bakin teku, kamar Lome ta ƙasar Togo, kana mota ta kawo mana. Kuɗin man jirgi da na mota duk suna cikin farashin da muke biya a kasuwar Tanut da Belbeji. Ga kuma matatar SORAZ a nan ƙasarmu ta Damargu, wajen Bakin Birji. An buɗe ta a 2011, don ta tace ganga 20,000 na ɗanyen man Agadem a rana. Cikin abin da take fitarwa har da gazuwal.

Ƴan'uwa, ɗan baduku ne wannan, wanda yaƙi ya kora, aka ba da shi riƙo. Karatu da lissafi suka kai shi inda ya kai. Rashin lissafin aljihu kuma ya jefa shi cikin bashi. Mu da muka shigo yaƙi da jahilci da girmanmu, mu riƙe duka biyun.

Tambayoyi

1. Me ya sa iyayen Dizal suka bar Paris?
2. Yaya mai ke kamawa a cikin injin gazuwal?
3. Ta ina jirgin tururi ya yi kama da ayarin Bilma?
4. A gidanka, ina ake ɓarnar itace ko mai? Yaya za a rage ta?