Alhaji Abubakar Imam: Editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo

A ranar Juma'a 19 ga watan Yunin shekarar 1981 ne Allah Ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya, yana da kimanin shekaru 70 da haihuwa. Akasarin Hausawa sun san shi ne ta hanyar Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, littattafan da kusan duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa ya ci karo da su. To sai dai marigayin ya shafe shekarun ƙarfinsa ne a aikin jarida, kuma a nan ne ya fi shan gwagwarmaya.

Shekaru 12 ya yi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta kafa, take kuma biyan albashin ma'aikatanta. Da wannan jarida ta gwamnati ce ya yi ƙoƙarin isar da kukan talaka zuwa kunnen masu mulki, abin da ya janyo masa zargi daga kowane ɓangare.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa Malam Shehu Usman masanin shari'a ne, kuma a gabansa ya fara karatun allo. Yayansa, Malam Bello Kagara, malami ne a Katsina, kuma ta dalilinsa ne yaron ya koma can da karatu.

A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da Turawa suka buɗe domin horar da malaman Arewa. A can ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Ya kammala a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Shekara guda bayan haka ne Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar fassara ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafai biyar da aka buga sakamakon wannan yunƙuri, biyu daga gida ɗaya suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Sauran su ne Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

East ya ga abin da ya gani a alƙalamin matashin malamin, don haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya. A cikin watanni shida ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ɗinka musu rigar Hausa, ya sanya su a bakin wani aku mai hikima. Da ya gama sai ya koma ajinsa a Katsina.

Jaridar kwabo

A ƙarshen shekarun 1930 gajimaren yaƙi ya fara haɗuwa a Turai. A Arewacin Nijeriya jita-jita ta yi yawa, har da ta cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Jamus ta Hitler. A ɗaya hannun kuma jaridun Ikko, musamman West African Pilot wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, sun fara biyo jirgin ƙasa suna shigowa Arewa da zafafan ra'ayoyi na ƙin mulkin mallaka. Gwamnati ta ga tana bukatar bakin da za ta riƙa magana da jama'a da harshensu.

Ta haka aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, daga nan ne kuma sunan ya samo asali. An sake kiran Abubakar Imam daga Katsina, aka naɗa shi editanta, East kuma yana sa ido daga sama.

Kafin wannan lokaci an yi wata jarida ta gwamnati a Arewa, amma ba ta wuce sanarwar hukuma da labarin rangadin manya ba. Abin da Imam ya kawo sabo shi ne harshe. Ya rubuta labarin yaƙin duniya na biyu da Hausar da ake yi a kasuwa da zaure, da karin magana da barkwanci da habaici, ta yadda manomin da bai taɓa ganin teku ba zai iya bin labarin jiragen ruwa. Masu iya karatun boko ba su da yawa a lokacin, saboda haka kofi ɗaya kan zagaya hannuwa da dama, malamin makaranta ko malamin haraji ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. An kuma riƙa haɗawa da wani ɗan shafi na ajami saboda waɗanda suka yi karatun allo kawai.

Babu shakka jaridar ta yi wa Ingila farfagandar yaƙi, kuma editan bai ɓoye goyon bayansa ga Turawan Ingila a kan Hitler ba. Amma ya buɗe wata ƙofa da masu jaridar ba su yi zaton za ta yi faɗi haka ba, wato filin wasiƙun masu karatu. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e daga Sakkwato zuwa Adamawa suka fara rubutowa, wasu da sunayen aro saboda tsoro. Suna kuka da cin hanci, da zaluncin wasu hakimai da dagatai wajen karɓar haraji, da aikin tilas, da ƙarancin makarantu da asibitoci.

A zamanin da sarki yake da wuƙa da nama a ƙasarsa, ba wanda ke sama da shi sai Razdan, buga irin waɗannan wasiƙu ba ƙaramin kasada ba ne. Kowace wasiƙa sai editan ya auna ta: idan ya buga ta yadda take, ya ɓata da fada, ya kuma jefa marubucin cikin haɗari, idan ya danne ta, jaridar ta ci amanar sunanta. Hanyar da ya fi bi ita ce ta nasiha da jirwaye mai kamar wanka, a soki ɗabi'ar ba tare da an kama suna ba. Masu zafin ra'ayi na ganin wannan tsoro ne, masu sarauta kuwa na ganin rashin kunya ce ta 'yan boko.

Tafiyar Ingila da ganawa da Lugga

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila domin su ziyarci Birtaniya. Imam ne kaɗai ɗan Arewacin Nijeriya a cikinsu. Azikiwe, wanda shi ma yana cikin tawagar, ya tsara wata takarda da ke neman a bai wa waɗannan ƙasashe mulkin kai cikin shekaru 15, ya nemi abokan tafiyarsa su sa hannu.

Imam ya ƙi. Hujjarsa ita ce ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo daga Arewa, kuma yankin da bai da likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikata nasa na kansa, idan Bature ya tafi da gaggawa, wani ne kawai zai gaje kujerar. Wannan mataki ya sa 'yan kishin ƙasa na Kudu suka daɗe suna kallonsa a matsayin ɗan koren Turawa.

Sai dai a wannan tafiya ce kuma ya yi abin da ɗan kore ba zai yi ba. Ya gana da Lord Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, ya kuma shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna. Lugga ya tsufa a lokacin, ya daɗe da yin ritaya, amma ana jin maganarsa a London. Imam ya bayyana masa cewa tsarin da yake alfahari da shi ya fara tsatsa. A cikin wasiƙun da ya rubuta masa bayan ganawar, ya nuna yadda aka bar sarakuna da ikon da ba mai taka masa birki, yadda aka toshe wa matasa masu ilimi hanyar ba da shawara a harkokin ƙasarsu, da yadda aka bar Arewa a baya wajen ilimin zamani. Maganar ta kai ga hukumomin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, kuma masana tarihi na lissafa waɗannan wasiƙu cikin muryoyin farko na 'yan bokon Arewa da suka nemi a gyara mulkin En'e.

Labarin tafiyar kuwa ya zuba shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Siyasa

Bayan yaƙi, a 1945, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya ci gaba da buga jaridar, ya kuma ƙaro ta Turanci mai suna Nigerian Citizen a 1948. Ofishin ya zama matattarar 'yan boko, kuma mutane irin su Nuhu Bamalli sun yi aiki a can.

A waɗannan shekaru ƙungiyoyin tattaunawa sun yi ta ɓullowa a biranen Arewa. A Bauchi akwai su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa. A Sakkwato akwai ƙungiyar matasa ta su Shehu Shagari, wanda a lokacin malamin makaranta ne. A Zariya da Kaduna kuma akwai su Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Daga haɗuwar irin waɗannan ƙungiyoyi ne aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yunin 1949. Dokta Dikko ne shugaba, Abubakar Imam kuma ma'aji.

Tafiyar ba ta yi nisa ba aka rabu. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da ta ɗauki rikicin Arewa a matsayin na talakawa da masu sarauta, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Imam bai bi su ba. Ra'ayinsa shi ne a gyara sarauta daga ciki, a kafa wa sarki majalisa mai faɗa a ji, ba a rushe gidan gaba ɗaya ba. A cikin wannan shekara ce kuma jaridarsa ta yi wani sharhi da ya yi fice, inda ta ja hankali cewa ma'aikatan jirgin ƙasa da gidan waya da asibitocin gwamnati a Arewa kusan duk 'yan Kudu ne, kuma su za su maye gurbin Turawa muddin aka yi gaggawar ba da mulkin kai.

Wannan fargaba ta yi tasiri ƙwarai a siyasar Arewa ta shekarun 1950. Masu sukarsa na cewa ta taimaka wajen zurfafa rashin yarda tsakanin Kudu da Arewa, ta kuma bai wa masu sarauta mafaka. Masu kare shi na cewa lissafin da ya yi na ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, ko da ya yi ɗaci.

A 1951, shekarar da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC, ya sauka daga kujerar edita. An zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Arewa a Kaduna, daga nan kuma ya tafi majalisar wakilai ta Ikko. Amma siyasar jam'iyya ba ta karɓe shi ba. Abokan karatunsa sun zama ministoci, shi kuwa a tsakiyar shekarun 1950 ya koma hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa, inda aka ɗora musu nauyin cike guraben aiki da 'yan Arewa, wato maganin ciwon da ya daɗe yana kuka da shi a jarida.

Hidimar jama'a

Duk da waɗannan muƙamai, Zariya ce ta ci gaba da zama gidansa, kuma bai ajiye alli ba. Yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka wajen kafa makarantar Islamiyya a Tudun Wadan Zariya, inda ake haɗa karatun addini da na boko a aji ɗaya. A lokacin iyaye da yawa na gudun makarantar gwamnati saboda tsoron kada 'ya'yansu su bar addini, kuma irin wannan makaranta ta ba su hanyar da za su saki jiki.

Rubuce-rubucensa na baya ma sun bi wannan layi. Tare da East ya rubuta Ikon Allah, wanda ke bayyana wa yara halittu da al'amuran kimiyya da Hausa. Ya kuma rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da Sayyidina Abubakar. A 1968 Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Aikinsa na ƙarshe na gwamnati ya yi kama da na farko. A 1974, zamanin mulkin soja, aka naɗa shi kwamishinan sauraron koke-koken jama'a na Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta ƙunshi Kaduna da Katsina na yanzu. Mutumin da ya shafe shekaru yana karanta wasiƙun talakawa a teburin edita, sai ga shi yana karɓar ƙorafinsu da ikon kiran ma'aikaci ya zo ya yi bayani. Shekara guda bayan haka gwamnatin tarayya ta kafa irin wannan hukuma ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka bai wa Alhaji Yusuf Maitama Sule shugabancinta. Shi ma yana cikin shugabannin Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka zaɓa tare da Imam a taron Kaduna na 1949.

Bayan rasuwarsa, Alhaji Abdurrahman Mora ya tattara tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, aka buga shi da Turanci a 1989. Ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, ta ci gaba da fitowa har ta haura shekaru 70 kafin durƙushewar kamfanin ta tsayar da ita.