Helen Taussig

Helen Brooke Taussig (24 ga Mayu, 1898 – 20 ga Mayu, 1986) likita ce 'yar Amurka wadda ta kafa fannin kula da cututtukan zuciyar yara. An fi saninta da tiyatar da ta ceto jariran da ake haifa da nakasar zuciya.

Tasowa da karatu

An haife ta a Cambridge, jihar Massachusetts. Mahaifinta, Frank Taussig, malamin tattalin arziki ne a Jami'ar Harvard. Tana da shekara 11 tarin fuka ya kashe mahaifiyarta. A lokacin makarantar likitanci ta Harvard ba ta ba mata digiri, don haka ta yi karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins, ta kammala a 1927.

Aiki

A 1930 aka ba ta shugabancin sashen zuciyar yara a asibitin Harriet Lane da ke Baltimore. Da jinta ya yi rauni, sai ta koyi gane bugun zuciya da yatsunta.

Ta mai da hankali kan cutar tetralogy ta Fallot. Mai wannan cuta yana da huda tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta ƙuntata. Saboda ƙarancin iskar oksijin a jini, leɓe, harshe da farcen jaririn kan yi shuɗi, numfashi ya yi masa wuya idan yana shan nono ko kuka. Wanda ya fara tafiya yakan tsuguna don ya sami sauƙi.

Taussig ta gano cewa ƙarancin jinin da ke isa huhu ne ke kashe yaran, sai ta ba da shawarar a buɗe masa wata hanya. Likitan tiyata Alfred Blalock da mataimakinsa Vivien Thomas suka tsara yadda za a haɗa jijiyar da ke kai jini hannu da jijiyar huhu. An fara yin aikin ranar 29 ga Nuwamba, 1944, a kan wata yarinya 'yar wata 15. Har yau ana yin irinsa ga wasu jarirai kafin cikakken gyara.

A 1962 ta je Jamus binciken maganin thalidomide da ke nakasa 'yan tayi, ta kuma gargaɗi Amurka kansa. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Zuciya ta Amurka.

Mutuwa

Ta mutu a hatsarin mota a jihar Pennsylvania, saura kwana huɗu ta cika shekara 88.