Feng Ru: Ɗan ci-ranin da ya ƙera wa Sin jirgin sama na farko

Lokacin da aka buɗe baje-kolin jiragen sama na birnin Zhuhai, a kudancin ƙasar Sin, a 2024, idon duniya ya koma kan J-20 da J-35A, jiragen yaƙi masu layar zana da aka ƙera domin na'urar rada ta kasa hango su da wuri. A birnin Guangzhou, hedikwatar lardin Guangdong da Zhuhai ke cikinsa, akwai kabarin wani saurayi da ya mutu yana da shekara 28 sakamakon faɗuwar jirgin da ya haɗa da hannunsa. Sunansa Feng Ru, kuma daga kansa ne Sinawa ke fara ƙirga tarihinsu na jirgin sama.

Daga gona zuwa Amurka

An haifi Feng Ru a watan Janairun 1884 a gundumar Enping, cikin gidan manoma talakawa. A wancan zamani, samarin wannan yanki na kwarara zuwa Kalifoniya neman kuɗi. Yana da shekara 12 ya bi wani ɗan'uwansa suka shiga jirgin ruwa zuwa San Francisco.

Ƙasar da ya tarar ba ta maraba da irinsa. Tun 1882 Amurka ta kafa dokar da ta hana leburorin Sin shigowa, ta kuma haramta wa waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa. Yaron ya riƙa aikin ƙarfi da rana, da dare ya koyi Turanci. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne injuna. Ya yi ta sauya wurin aiki daga wannan masana'anta zuwa waccan, har birnin New York, domin ya ga yadda ake sarrafa ƙarfe da lantarki. Kafin ya cika shekara 25 ya yi suna a tsakanin 'yan ƙasarsa wajen haɗa famfon ruwa, injin wuta da na'urar aika saƙo ba da waya ba.

Abubuwa biyu suka juya masa tunani. A watan Disamban 1903, Wilbur da Orville Wright suka tashi da jirginsu a Kitty Hawk. Daga 1904 zuwa 1905 kuma, Rasha da Japan suka gwabza yaƙi a Manchuria, wato a kan ƙasar Sin, gwamnatin daular Qing tana kallo ba ta da ƙarfin korar ko ɗaya daga cikinsu. Feng Ru ya yanke cewa ƙasar da ba ta iya gina manyan jiragen ruwan yaƙi za ta iya kare gaɓarta da jiragen sama, waɗanda suka fi araha, muddin 'ya'yanta ne ke ƙera su.

Ɗakin aiki a Oakland

Girgizar ƙasar da ta rusa San Francisco a watan Afrilun 1906 ta kora dubban Sinawa zuwa Oakland, a ɗaya gefen ruwa. A nan Feng Ru ya buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin aiki, shi da mataimaka kaɗan. Babu gwamnati a bayansa, babu banki. Jarin ya fito ne daga aljihun 'yan ci-rani irinsa, 'yan kasuwa da leburori.

Ya tattara duk abin da aka rubuta kan jiragen Wright, Curtiss da Farman, yana nazari har tsakar dare. Mutum ne mai ɓoye sirrin aikinsa. Sassan injinsa ma a wurare daban-daban ya yi odarsu, sa'annan ya haɗa su da kansa, domin kada wani ya gane abin da yake shiryawa. Gwaje-gwajen farko sun ci tura, gobara ta cinye ɗakin aikin, kuɗi suka kusa ƙarewa, iyayensa kuma na aiko masa da saƙo ya dawo gida. Ya ƙi komawa sai ya ga jirgin ya tashi.

Ranar 21 ga watan Satumban 1909, a tsaunukan Piedmont da ke bayan Oakland, jirginsa mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya ɗaga sama. Ya yi tafiyar kusan mita 800, tsayinsa daga ƙasa bai wuce mita 5 ba. Sai ƙusar da ke riƙe da farfela ta karye, jirgin ya faɗo. Feng Ru ya fita ba tare da mummunan rauni ba. Jaridun yankin sun ba da labarin, domin wata biyu kacal kenan da Bafaranshe Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, ga kuma wani baƙo da doka ta hana zama ɗan ƙasa ya tashi da jirgin da ya ƙera.

Wannan faɗuwa ta kawo masa masu zuba jari. Aka kafa kamfani da sunan lardinsu na Guangdong, ya ci gaba da ƙerawa yana faɗuwa yana gyarawa. A farkon 1911 ya samu jirgin da ke tashi ya zaga ya sauka lafiya.

Komawa gida

Daga nan ya tattara kayansa. A watan Maris na 1911 ya iso Hong Kong da jirage biyu, injunan aiki da mataimaka uku. Ya tarar da ƙasar tana tafasa. A watan Afrilu 'yan juyin juya hali suka yi bore a Guangzhou, aka murƙushe su, kuma shirin nuna jirginsa ga jama'a ya sha ruwa. A watan Oktoba boren Wuchang ya ɓarke, daular Qing ta kama hanyar rushewa. Feng Ru ya zaɓi ɓangaren masu neman jamhuriya, aka naɗa shi shugaban rukunin jiragen sama na rundunarsu a Guangdong. A farkon 1912 ya ƙera wani jirgin a Guangzhou, wannan karon a cikin ƙasarsa.

Ranar 25 ga watan Agustan 1912, jama'a suka cika filin Yantang domin su ga abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ya yi musu bayanin amfanin jirgi da yadda ake sarrafa shi, sa'annan ya tashi. Yana ƙoƙarin ƙara hawa sama jirgin ya kuɓuce masa, ya rikito cikin kurmin gora. Ya rasu a ranar sakamakon raunukan da ya ji. An ruwaito cewa kafin ya cika ya roƙi mataimakansa kada mutuwarsa ta sa su bar aikin. An binne shi a Huanghuagang, inda aka binne waɗanda suka mutu a boren watan Afrilu, kuma gwamnatin jamhuriya ta girmama shi kamar janar ɗin da ya faɗi a bakin daga.

Shekara ɗari bayan dawowarsa

Burinsa ya daɗe bai cika ba. Shekaru da dama Sin ta dogara da jiragen da take saye a waje. Jirgin yaƙi mai injin jet na farko da ta haɗa a Shenyang a 1956, wato J-5, kwafin MiG-17 ne na Tarayyar Sobiyet. Sai a 1998 J-10 ya tashi a Chengdu, daga nan masana'antar ta soma tsayawa da ƙafafunta.

Ranar 11 ga watan Janairun 2011, shekara ɗari bayan shekarar da Feng Ru ya dawo gida, J-20 ya yi tashinsa na farko a Chengdu, daidai lokacin da sakataren tsaron Amurka Robert Gates ke ziyara a Beijing. An tsara jikinsa yadda zai karkatar da igiyar rada, aka shafe shi da sinadarin da ke shanye ta, makamansa kuma na ɓoye a cikinsa. Ya shiga aiki a 2017, abin da ya mai da Sin ƙasa ta biyu bayan Amurka da ke da irin wannan jirgi ƙirar gida. A watan Nuwamban 2024 aka nuna J-35A a Zhuhai, a ƙarshen Disamba kuma hotunan wasu sababbin jirage marasa wutsiya da ake gwaji suka bazu a intanet.

Sai dai har yanzu inji, abin da Feng Ru ya nace sai ya haɗa da hannunsa, shi ne wurin da ya fi ba Sin wahala. J-20 ya fara tashi ne da injin Rasha, AL-31, kafin a koma ga WS-10C na gida, ana kuma aiki kan WS-15 mai ƙarfi fiye da shi. Jirgin fasinja C919, wanda ya soma ɗaukar matafiya ranar 28 ga watan Mayun 2023 domin gogayya da Boeing da Airbus, yana tashi ne da injin LEAP na haɗin gwiwar kamfanin GE na Amurka da Safran na Faransa. Duk ranar da aka rufe wannan ƙofa, aikin zai tsaya cik har sai injin gida ya nuna.

A 2009 Sin ta yi bikin cika shekara ɗari da fara harkar jirgin sama, kuma daga tashin mita 800 na Piedmont ta fara lissafi. A Enping an gina masa gidan tarihi. A jami'ar Beihang da ke Beijing, ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke yaye injiniyoyin jirgin sama na ƙasar, kowace shekara ɗalibai kan fafata a gasar ƙirƙira mai ɗauke da sunan Feng Ru.