Malam Abdullahin Gwandu, Mutumin da Nasara Ta Ba Tsoro

Duk ɗalibin da ya yi wata guda a Sakkwato ya san titin Abdullahi Fodiyo, ko da a bayan kabu-kabu ya bi ta wurin. Abokanmu na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, babban ɗakin karatunsu ma sunansa aka sa masa. Amma tambayi mutum wane ne shi, sai ya ce maka ƙanen Shehu ne, daga nan magana ta ƙare. Ni a ganina an yi wa bawan Allahn nan rowa. A cikin shugabannin jihadi, shi ne wanda ya bar rundunar da ke cin nasara ya kama hanyar daji, kuma dalilin tafiyar tasa shi nake so mu duba tare, 'yan uwa ɗalibai.

An haife shi wajen shekarar 1766, Shehu Usmanu ya girme shi da kusan shekara 12, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi karatun Alƙur'ani wajen mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 aka damƙa shi hannun yayansa. Daga nan bai rabu da shi ba, a Degel ko a yawon wa'azi cikin Zamfara da Kabi. Ya yi karatu wajen malamai da dama, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umar, kuma ya jera sunayensu da abin da ya karanta wurin kowanne a littafinsa Ida'un Nusukh. Larabci kam Allah ya ba shi. Nahawu da sarfu da ke sa wasunmu ciwon kai a Islamiyya, shi a waƙe ya tsara su, baiti dubbai.

To amma ba ilimi kaɗai ya samu wajen Shehu ba. Ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya, ya tashi cikin tarbiyyar da malamai ke kira zuhudu, mu kuma muna cewa gudun duniya. Tarbiyya ce ta kullum: wuridi safe da yamma, rage ci da barci da surutu, da kuma zama mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Manufar ita ce dukiya ta tsaya a hannu, kada ta shige zuciya. Ya rubuta littattafai a kan wannan, irin su Sabilun Najati da Maɗiyyatuz Zadi. Mutumin da ya yi shekara kusan talatin yana tuhumar zuciyarsa kowace rana, idonsa kan buɗe ga abin da wasu ba su gani. Wannan ne mabuɗin rayuwarsa.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na shekarar shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto, inda suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 shi ya ci Birnin Kabi. Don haka kada wani ya ɗauka malamin zaure ne da bai san ƙarar kibiya ba.

Sai dai yaƙi ya ci mutane. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa jama'a masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ka ga waɗannan su ne almajiran Degel, waɗanda suka sha tarbiyya shekara da shekaru. Da suka tafi, gurbinsu sai ya cika da sababbin shiga, wasu don Allah, wasu don ganima. Gab da yaƙin Alwasa a 1805, mayaƙa suka afka wa garin Kwaldo wanda ke da amana da jama'a, suka washe shi, Abdullahi da Muhammadu Bello suna hanawa ba a saurare su ba. Bayan haka aka sha kashi a Alwasa.

Abin ya ci gaba da cin ransa. A Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa da labarin abin da ya sa ya yi su, ya bayyana abin da ya gani: mutanen da suka fito gyara sun koma neman sarauta, da tara ƙwaraƙwarai da manyan riguna, da sukuwa da dawaki cikin gari, da cin hanci, da kiɗe-kiɗe. Abin lura shi ne bai cire kansa daga zargin ba, ya ji tsoron shi ma ruwan ya tafi da shi. A shekara ta huɗu bayan hijira, runduna na kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale da abokai biyar da niyyar tafiya Makka da Madina. Kwana uku suka yi a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Waziri ne fa, na biyu a daula, kuma nasara na ƙara matsowa, don Alƙalawa ta faɗi a 1808. Mu nan mun san yadda abin yake: a yi zaɓen ƙungiyar ɗalibai, wanda jiya kuke cin garau-garau a kwano ɗaya, yau sai ka cika takarda kafin ka gan shi. Kujerar da wa'adinta shekara ɗaya ce ke nan. Shi kuwa rabin ƙasa ke jiransa ya juya baya.

A tarihin wasu al'ummu ma akwai mai kama da haka. Sarki Ashoka na Indiya, bayan ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga yawan gawarwaki sai nadama ta kama shi. Ya riƙi koyarwar Buda da gaske, ya rage yanka dabbobi a gidan sarauta, ya sa aka haƙa rijiyoyi aka dasa itatuwa a bakin hanyoyi, ya sa aka sassaƙa umarninsa a jikin duwatsu. Ba addinai nake gwadawa ba, kowa ya san ba ɗaya suke ba. Abin da ya ja hankalina shi ne shi Ashoka sai da jini ya kwarara sannan ya farka, Malam Abdullahi kuwa da farkawarsa ya shiga yaƙin, shi ya sa ya hango ɓarnar tun tana ƙarama.

Bai kai Makka ba. Da ya iso Kano zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya duba ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan ma a Kano. Sai ya zauna, ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki. Har ya ba da labarin cewa an farfasa kayan kiɗa, kwarangwal ɗin ganguna aka mayar da su abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya juyo gida.

Wasu za su ce ai guduwa ya yi daga fagen fama. Ni dawowar ta fi burge ni da tafiyar. Da gudun duniyarsa na son kai ne, da ya wuce gabas ya tsira da ransa shi kaɗai. Ya dawo cikin mutanen da suka ɓata masa rai, ya karɓi aiki. Da Shehu ya raba ɗawainiyar daula a 1812, yamma ta faɗo hannunsa, gabas hannun Bello, ya zauna Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. Ruwayar da ake bayarwa ita ce, kamar yadda Shehu ke tufkar igiya, shi ma kibau yake yi yana ci daga guminsa, bai jingina da baitulmali ba.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato, aka yi wa Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ce da Abdullahi ya iso, ƙofar gari a rufe ya same ta. Mutum ne, abin ya yi masa ciwo, ya koma Gwandu, aka yi shekaru tsakaninsa da ɗan ɗan'uwansa ba daɗi. Amma bai tara runduna ba, alhali yana da mutane yana da suna. Da tawaye ya tashi a Kalambaina ta ƙasar Gwandu wajen 1820, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan an ci garin suka haɗu, Bello zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai tsohon ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Wallahi duk sanda na karanta wurin nan sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Yaron da ya taso a gabansa ne fa.

Bayan wannan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma ga allo da tawada. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, mujalladi huɗu, an buga shi a Alƙahira a 1961, kuma ya yi wani gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mutanenmu suka saba karantawa, don masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya rasu a Gwandu a 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, kuma can kabarinsa yake.